Bokiti da Murfi

Ranar Lahadi ce, ranar hutu, hantsi ya ɗan ɗaga, ina tsugune a tsakar gida ina wanke rigar aiki, sai wayata ta yi ƙara a kan taga. Hannuna duk kumfa, na ce wa matata ta duba. Ta ce, "Babbar 'yar Bokiti ce." Na ce ta kara mini a kunne.

"Baffa," in ji yarinyar. Sai ta yi shiru.

A gidan Bokiti ba a san shiru ba, ko kyanwarsu surutu gare ta. Saboda haka tun kafin ta ƙarasa, na san ba lafiya ba.

"Baffa, Baba ya rasu."

Na ce, "Wane Baba?" Wallahi haka na ce, kamar tana da wani uban ban da shi. Ta ce yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara wa jikansa keke, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ce ai jiya da yamma muka rabu, lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Haka ne, Baffa." Matata ta janye wayar, ta zaunar da ni a bakin rijiya.

Kuka kam na yi shi, kuma ban gama ba. Amma ba shi na zauna in rubuta ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sa ni dariya har cikina ya ƙulle, ba zai yafe mini ba in na tuna shi da ɓacin rai kaɗai. Abin da nake so in ba da labari shi ne yadda aka tashi raba ni da shi a wurin aiki a zafin da ya wuce, da yadda ya ƙi. Sai dai dole in fara gaya muku wane ne shi.

A kamfanin roba muke aiki. Shi yana kan injin da ke yin bokiti, ni ina kan na kusa da shi, mai yin murfin bokitin. Daga nan sunayenmu suka fito, kuma sun zauna mana daram. Shi ƙato ne, ga tumbi, ga baki, abin da aka zuba masa duk sai ya fito. Ni kuwa siriri ne, maganata ba ta da yawa. Ranar da na fara aiki ya yi mini tambayoyi sun fi a ƙirga, daga ina nake, ina da mata, me ya sa kunnuwana suka yi faɗi haka. Na yi ta gyaɗa kai kawai. Ya juya ya sanar wa kowa da ƙarfi, "Jama'a, an kawo mana murfi mai yin murfi!" Tun daga ranar ban sake jin sunan da iyayena suka raɗa mini ba, sai a bakin matata, ita ma in ranta ya ɓaci.

Ya girme ni da 'yan watanni, amma ya riƙe wannan girman kamar gadon sarauta. In muka yi gardama ya ga zan kayar da shi, sai ya ce, "Yaro, ina tafiya kana rarrafe." Ni kuma in ce, "To, babban yaya." A nan maganar ke mutuwa.

Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce. Ya tashi yana kwaɓa mata yumɓu, yana ɗaukar tulu zuwa kasuwa, yana fasa rabi a hanya saboda kallon abin da bai shafe shi ba. Yakan ce sana'ar gidansu yake yi har yanzu, ƙasar ce kawai aka canja. "Ita nata in ya faɗi ya fashe, mai saye ya dawo. Ni nawa in ya faɗi tsalle yake yi. Da tana raye da ta ce ni na kashe mata kasuwa." A kamfani da shara ya fara, yana tattara tsabar robar da ta zube. Daga nan aka ba shi wuƙa yana aske gemu, wato ɗan siririn robar da ke tsirowa a gefen kaya inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sai daga baya ya hau inji, kuma bai sake sauka ba.

Ga wanda bai taɓa shiga irin wurinmu ba, aikin ba shi da wuyar ganewa. Robar a buhu take zuwa, tsaba-tsaba kamar shinkafa. A gauraya ta da tsabar kala, a juye a mazurarin inji. A cikin injin akwai dogon bututu mai zafi, da wani ƙarfe mai murɗawa yana tura ta gaba tana narkewa, har ta zama kamar danƙo. Sai injin ya tsarta ta da ƙarfi cikin ƙarfen zubi, ƙarafa biyu ne masu haɗe baki, siffar abin da ake so tana tsakaninsu. Ruwan sanyi na zagaya jikinsu. In robar ta kama jikinta sai su buɗe, bokiti ya faɗo kan tebur da ɗuminsa kamar sabon burodi. Mai inji ya duba shi, ya zura shi cikin ɗan'uwansa, jeri ya yi ta tsawo har masu sito su zo su kwashe.

Ƙarar wurin ba a magana. Shi ya sa muka saba da ihu, da nuni da hannu. Ni in na fita ƙofa nakan bar ihun a can. Bokiti da shi yake tafiya gida. In ya ce zai gaya maka sirri, to maƙwabta su gyara zama. Matarsa, wadda yake kira Alƙaliya saboda ba a taɓa kai mata ƙara ya yi nasara ba, takan ce ba ta bukatar tambayarsa inda ya je, tun daga bakin layi take jin labarin.

Ba ya iya wuce bokiti a hanya bai kifa shi ya duba gindinsa ba. Na gidan mutane, na mai wankin mota, na mai sayar da ruwa. In ya ga tambarinmu sai ya shafa shi ya ce, "Ɗana ne wannan, ku riƙe shi da amana." In na wani kamfani ne sai ya matsa gefensa da yatsa, ya taɓe baki, ya ce wa mai shi Allah ya ba shi haƙuri. Akwai matar da ta taɓa bin mu da tsintsiya saboda ya zubar mata da ruwan wanki garin dubawa.

Muna da wata al'ada tamu mu biyu. Kowace safiya, bokitin farko da ya faɗo daga injinsa da murfin farko da ya faɗo daga nawa, sai mu bar su su huce a gefe. Sannan ya tari ruwa rabin bokitin a famfo, ya ɗora murfina, ya danna har ya ce ƙwas. Sai ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya kifa a bisa kansa, ya ce, "In na jiƙe, Murfi ne!" Matan da ke aske gemu su yi ta addu'ar ya jiƙe. Sau ɗaya tak addu'arsu ta ci, shi ma don ya tsaya ba da labari ne ya manta bai danna ba. Ranar ya yini da rigar mai gadi, wadda ko cibiyarsa ba ta rufe ba.

Da wannan gwajin muke fara aiki, kuma mun yarda da shi fiye da yadda muka yarda da ma'aunin makanike.

To, sai ga zafin da ya wuce. Rufinmu na kwano ne, ga wutar injuna, in rana ta take sai ka ji kamar kai ma za a zuba ka a ƙarfe. Ni kuma jikin ya fara gaya mini gaskiya. Wata rana da azahar ina tsaye ina kwashe murafe, sai na ga injin yana nisa, ƙasa tana matsowa. Da na farfaɗo kaina na kan cinyar Bokiti, yana yi mini fifita da murfi, yana ihu, "Ku ba shi iska!" alhali shi ne ya tare iskar duka. Likita ya ce jinina ya hau, in guji tsayuwa cikin zafi.

A gefen Bokiti akwai wata tsohuwar fanka mai dogon wuya, babba, tun kafin zuwanmu take nan. Tana kallon teburin da bokitai ke sauka, wanda nan ne shi ma yake tsayawa. Kowa ya ɗauka don mai injin bokiti aka ajiye ta, har ana yi masa gori wai shi ɗan gata ne. Ranar da na koma aiki na tarar ya ja ta, ya juya fuskarta wajena.

Na ce, "Kai fa?"

Ya bugi tumbinsa. "Ni zafi tsorona yake ji. Kai ne abin tausayi, kamar tsinken tsintsiya."

"Gumi zai kashe ka."

"Gumi kitse yake ragewa. Alƙaliya ta daɗe tana neman wanda zai rage ni, ga shi an samu kyauta."

Haka aka ci gaba. Ina shan iska, yana ɗaure da tawul a wuya yana waƙe-waƙen da shi kaɗai ya san kansu.

Ba a daɗe ba direban babbar motarmu ya dawo daga kai kaya da buhunan murafe a baya. Ya ce 'yan kasuwa sun ce ba sa rufuwa. In ka danna nan, can ya ɗage, in ka danna can, nan ya ɗage. Manaja ya sauko da kansa. Mutum ne mai sauƙin kai, amma shi ma akwai na sama da shi. Bokiti ya ce a kawo ruwa. A gaban Manaja ya ɗauki bokiti daga tebur, ya bar shi ya sha iska, ya zuba ruwan, ya rufe da murfina, ƙwas, ya kifa a kansa. Ko ɗigo.

"Ranka ya daɗe, ka gani? 'Yan kasuwar nan hannunsu ne ba ƙarfi. A aika musu da abinci."

Manaja ya yi dariya ya hau sama. Amma mota ta sake fita, ta sake dawowa da murafe. Makanike ya zo ya kwance ƙarfen zubina, ya auna, ya goge, ya mayar. Ya rage wa injina wuta, ya ƙara masa, ya canja buhun roba. Bawan Allah ya yi iya yinsa. Duk wanda ya zo, kan injina yake tsayawa, domin murfi ne ake dawowa da shi, ba wanda ya taɓa dawo da bokiti. Ni kaina na yarda laifin daga wajena yake. Na fara tunanin ko tun faɗuwar da na yi idona ko hannuna ya daina gane abin da ya saba ganewa.

Ranar da Manaja ya kira ni ofis, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce masu kamfani sun gaji. In kaya suka sake dawowa, za a kashe injin murfi, a riƙa sayo murafe daga wani wuri. Ni ba za a kore ni ba, za a mai da ni babban sito da ke can ƙarshen gari, in riƙa zama a inuwa. Ya ce ma ai ya fi dacewa da lafiyata.

Na yi godiya na fito. Wani zai ce ai gata aka yi mini. Amma ni na san abin da ke can: buhuna, da ɓeraye, da shiru. Ni mai shiru ne, amma shiruna na kusa da surutun Bokiti ne. Ban san yadda ake yin sa ni kaɗai ba.

Lokacin shan shayi na gaya masa. Ya ajiye kofi.

"Sito? Wa zai riƙa ce maka ka ci abinci a can?"

"Ai ba yaro ba ne ni."

"Yaro ne kai. Babu inda za ka."

"Manaja ya riga ya faɗa."

"Manaja ya faɗi tasa, ni ma na faɗi tawa. In aka ɗauke ka wa zan riƙa ɗora wa laifi?"

Ya yi ta cika baki, amma na lura ranar bai yi waƙa ba.

Wadda ta warware mana ƙullin ba ta taɓa taka ƙofar kamfani ba. Ranar hutu na je gidansa da la'asar, muna zaune a kan tabarma muna ta juya maganar, sai ga Alƙaliya ta fito daga kicin da bokitai biyu, ta dire su a gabanmu. Ɗaya tsoho ne, kalarsa ta koɗe, ya kai shekarun autarsu. Ɗaya sabo ful, wanda ya karɓo mata daga sito kwanan nan don ta zuba sukari.

"Ku manyan masana," in ji ta, "ku zo ku yi wa tururuwa bayani. Sun tare a sukarina da 'ya'yansu da jikokinsu."

Bokiti ya nuna ni da haɓa. "Ga mai murfi nan, shigar da ƙara."

"Ai na riga na yi shari'ar." Ta cire sabon murfin, ta ɗora a kan tsohon bokiti, ta danna da tafin hannu. Ƙwas. Ta ɗauki tsohon murfin, wanda ya shekara da shekaru yana rufuwa lafiya, ta ɗora a kan sabon bokiti. Ta danna nan, can ya ɗage. Ta danna can, nan ya ɗage.

Ta riƙe ƙugu. "To, baban yara, wa ya wage baki? Murfin bawan Allah, ko bokitinka da ya gado ka?"

Bokiti ya jawo sabon bokitin, ya zazzage sukarin a faranti, ya ɗaga shi yana kallon bakinsa ta hasken rana. Ni ma na leƙa. Ba da'ira ba ce cikakkiya. Ya ɗan miƙe ta gefe biyu, kamar ƙwai. Kaɗan ne ƙwarai, in ba ka nema ba ba za ka gani ba.

Ya buɗe baki ya rufe. Alƙaliya ta ce wa 'yarta, "Yi maza kira maƙwabta, ubanku ya yi shiru."

Washegari na tarar ya riga ni zuwa. Muka yi gwajinmu, bai jiƙe ba, amma ko murmushi bai yi ba. Ya bar injin ya yi ta aiki, jerin bokitai ya yi tsawo, sai na ga ya zare ɗaya daga tsakiya ya rungume shi kamar jariri. Ya yafito ni. Na taɓa. Da zafinsa, har gefensa na lanƙwasa a hannu. Na sama sun danne shi, na ciki ya buɗa masa baki, a haka zai huce, a haka zai zauna har abada.

Roba ba ta gama zama abin da za ta zama sai ta huce sarai, wannan kowa a cikinmu ya sani. Abin da ba mu sani ba shi ne wa ke hutar da ita. Bokiti ya dubi teburinsa, ya dubi inda ƙafar fanka ta bar tabo a siminti, ya bi ta da ido har inda take tsaye tana kaɗa mini riga. Ashe ba don mutum aka ajiye ta ba. Bokitai take yi wa fifita kafin a jera su. Gwajinmu kuwa ba zai taɓa kama wannan ba, domin bokitin da muke gwadawa shi kaɗai muke ajiyewa a gefe, ba wanda ya hau kansa.

Na nufi fankar zan juya ta. Ya buge mini hannu.

"Kar ka taɓa!"

"Yaya, ita ce matsalar!"

"Na sani! Ni na juya ta, ni zan san yadda zan yi da ita!"

"In ba a mayar ba za su kai ni sito!"

"In aka mayar kuma ka faɗi, su kai ka inda ya fi sito nisa! Koma kan injinka!"

Ya goge fuska da tawul, ya hau matakala zuwa ofis. Ya rufe ƙofa don a yi maganar a asirce. Duk wanda ke ƙasa ya ji ta, har da mai gadi a waje.

"Ranka ya daɗe, ba Murfi ba ne, ni ne! Murfinsa lafiya lau, bokitina ne ya wage baki!"

Ba mu ji amsar Manaja ba, sai dai muna gane ta daga ta Bokiti.

"A'a, ba za a mayar ba, mutumin nan faɗuwa zai yi! ... To a sayo wata mana! ... Za a duba? Ranka ya daɗe, wannan za a duban ya girmi babbar 'yata!"

Matan gemu suka kwashe da dariya har wata ta yar da wuƙa. Can sai muryarsa ta ɗan sauka, wato ta dawo daidai ta sauran mutane in suna faɗa. Ya ce a ba shi filin da ke bayan injinsa. Ba zai ƙara zura bokiti mai zafi cikin wani ba. Zai riƙa kifa su a ƙasa ɗaya-ɗaya, sai sun huce ya tattara ya jera. Manaja ya ce aikinsa zai ninka, kuma ba za a rage masa yawan kayan da ake so ba. Ya ce ya ji. Manaja ya ce to, a gwada da mota ɗaya. In ta dawo da murfi ko guda, magana ta ƙare.

Da ma a ce kun ga wurin nan a makonnin da suka biyo. Fili ya cika da shuɗɗan bokitai a kife, sahu-sahu, shi kuma yana ratsa tsakaninsu da gudu-gudu, tumbi na gaba yana biye, ya ajiye wannan, ya dafa wancan ya ji ko ya huce, ya koma kafin injin ya sake haihuwa. Ya ce makaranta ya buɗe. "Kai, na baya, gyara zama! Ku na gaba an sallame ku, ku shiga layi!" In mai sito ya zo wucewa da amalanke sai ya daka masa tsawa, "A hankali, ana jarrabawa!"

Matan gemu suka ce, "Malam, yaushe za a ba da hutu?"

"Sai ranar da kuka daina gulma."

"Ashe yaran nan za su tsufa a aji."

Ba su bar shi shi kaɗai ba. In hannunsu ya sarara sai ka ga ɗaya ta tashi ta tattara masa sahu guda. Makanike ya kawo alli ya ja masa layuka a ƙasa don kada a taka. Ni ma in injina ya ba ni sarari nakan tsallaka, amma da ya gan ni sai ya kore ni. "Koma gaban fankarka! Don wa ake wannan wahalar?" Gwajin safiya ma ya canja shi. Ya daina ɗaukar na farko, sai ya je sito ya zaro ɗaya daga tsakiyar jerin jiya, shi zai kifa a kansa.

Bayan rasuwarsa na kasa haƙuri, na tambayi Alƙaliya ko zirga-zirgar nan ce ta ja masa. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kada ka sa wa ranka wannan. Likita ya daɗe da gaya masa zancen zuciyarsa, shi ne ya hana a faɗa maka, sirri ɗaya ke nan da ya iya riƙewa a duniya. Kuma ni ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar kwanakin nan ba. Kullum sai ya dawo ya ishe mu da labarin ɗalibansa." Na karɓi maganarta, domin ba a ɗaukaka ƙara a kotunta.

Motar da aka loda da kayan gwajin ta yi kwanaki a hanya, domin garuruwa da yawa take bi. Kullum in aka buɗe babbar ƙofa sai mu ɗaga kai tare. Ranar Asabar da yamma, ana shirin tashi, sai ga ta. Bokiti ya kashe injinsa ya fita da gudu, ina biye. Direba bai gama tsayawa ba ya riga ya ɗafe bayan motar, ya yaye tamfol. Babu komai sai igiya da tayar safiya.

"Ina murafen?" ya tambayi direba.

"Waɗanne murafe? Suna kan bokitansu. Har wani ya ce in ƙaro masa."

Bokiti ya tsaya a bayan mota ya ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ci kokawa. Manaja ya leƙo ta tagar ofis, ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Murfi, sito ya yi rashi." Sannan ya ce wa Bokiti zancen sabuwar fanka yana nan, za a duba. Bokiti ya ce Allah ya ba jikokinmu tsawon rai su gani.

Muka wanke hannu a famfo, muka fito tare kamar kullum. Yana tura babur ɗinsa, ina tafe a gefe, har mahaɗar da muke rabuwa. Ina ta juya maganar da zan faɗa masa, ta ƙi fitowa. Da ƙyar na ce, "Yaya, na gode."

"Da me?"

"Ka sani."

"Ni na ɓata, ni na gyara, sai kuma a gode mini? Kai dai ba ka iya ciniki ba." Ya hau babur, ya buga, ya ƙi tashi, ya sake bugawa. "In godiya kake so ka yi, je ka yi wa Alƙaliya. Amma ka tafi da sukari, har yanzu tana ƙorafi."

Babur ya tashi. Ya ɗan yi gaba, sai ya tsaya ya waiwayo, ya ɗaga murya kamar injuna na aiki, har masu jiran mota suka juyo.

"Murfi! Fankar nan taka ce! Kar ka bari kowa ya juya ta!"

Na ce, "Na ji. Tafi, kana tara mana jama'a."

"Sai Litinin, yaro."

Na ce, "Allah ya kai mu, babban yaya."